Binciken Gayya a Kan Tsohon Babban Sakatare: Nazarin Mako 10 a Wata Ƙaramar Jarida

Asalin lamarin

Jaridar ƙarama ce, a intanet kaɗai take fitowa, ma'aikatanta uku: edita, wakili guda, da wani matashi mai kula da shafin. Ba a kama sunanta a nan ba, haka ma ƙasar da take da mutumin da ta bincika, domin yadda aikin ya gudana ake son dubawa.

Mutumin tsohon babban sakatare ne a ma'aikatar makamashi. Ya yi shekara 31 yana aikin gwamnati, ya yi ritaya, aka daina jin ɗuriyarsa kusan shekara 4. Kwatsam sai gwamnati ta aika sunansa majalisar dokoki domin ya shugabanci hukumar da ke sa ido kan kamfanonin wutar lantarki, wadda ke ba su lasisi, take kuma amincewa da ƙarin kuɗin wuta ko ta hana. Kwamitin majalisa ya sa ranar tantance shi nan da mako 10. Takardar tarihin aikin da ya miƙa shafi 2 ce. Ta jero muƙamansa tun yana ƙaramin jami'i har ya kai ƙololuwa, ta tsaya cak a ranar ritaya. Shekarun da suka biyo baya layi ɗaya aka ba su, wai yana ba kamfanoni masu zaman kansu shawara. Ba a faɗi ko wane kamfani ba.

Wannan layin ne ya tsaya wa editar a rai, kuma tana da dalili. Dokar ƙasar ta hana babban jami'i karɓar aiki a kamfanin da ya yi hulɗa da ma'aikatarsa sai bayan shekara 2 da barin kujera. Irin wannan tanadi ba baƙo ba ne a duniya. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan yaƙi da cin hanci, wadda aka amince da ita a 2003, ta nemi ƙasashe a sashenta na 12 su taƙaita ayyukan da tsofaffin jami'ai za su kama na wani lokaci bayan sun bar aiki. Tarayyar Turai ma ta ɗanɗana matsalar a 2016, lokacin da tsohon shugaban hukumar zartarwarta, José Manuel Barroso, ya karɓi muƙami a bankin Goldman Sachs. Ya cika wa'adin wata 18 da ƙa'idar lokacin ta gindaya, amma ƙorafin da ya biyo baya ya sa aka tsawaita wa'adin zuwa shekara 2 ga kwamishinonin hukumar, shekara 3 ga shugabanta.

Mutum uku ba za su iya bin sawun shekara 35 cikin mako 10 ba. Takardun a warwatse suke: jaridar sanarwar gwamnati, rahotannin shekara na ma'aikatu, rahotannin babban mai binciken kuɗi, rajistar kamfanoni, tsofaffin jaridu. Editar ta san cewa a watan Maris na 2007 shafin Talking Points Memo a Amurka ya roƙi masu karatunsa su taya shi karanta kimanin shafi 3,000 na takardun da ma'aikatar shari'a ta saki kan korar wasu lauyoyin gwamnati. Ta kuma san abin da jaridar Guardian ta yi a Ingila a 2009 da takardun kuɗaɗen da 'yan majalisa suka karɓa. Sai ta yanke shawarar ita ma ta kira gayya.

Mako na 1 da na 2: kira a buɗe

Sanarwar gajera ce. An saka hoton mutumin a Facebook da X, aka ce duk wanda ya san wani abu game da aikinsa ko mutanen da yake hulɗa da su ya rubuto a ƙasa. An bar wurin sharhi a buɗe, kowa na ganin abin da kowa ya rubuta.

Cikin mako 2 saƙonni sun haura 600. Wakilin ya zauna ya rarraba su. Mafi yawansu da "an ce" ko "kowa ya sani" suka fara. Akwai masu yabo, tsofaffin yaransa a ma'aikata da ke cewa ba su taɓa ganin mai gaskiya irinsa ba. Akwai masu zagi tsagwaronsa. Akwai hotuna da yawa, ga shi a wani taro kusa da wani attajiri, ga shi yana gaisawa da wani ɗan kwangila, kowane hoto da fassarar da mai saka shi ya ba shi. Saƙonnin da suka zo da takarda, ko da hanyar da za a bi a ga takarda, ba su kai 30 ba.

Zarge-zarge uku ne suka riƙa dawowa. Na farko, ya ba kamfanin surukinsa kwangilar sayo taransfoma. Na biyu, yana da kamfani a ɓoye a wata ƙasar waje. Na uku, yana da hannun jari a ɗaya daga cikin kamfanonin rarraba wuta da zai je ya sa wa ido. Zargin farko ya bayyana a saƙonni sama da 40, har ya zama kamar shaidu 40 ne suka hallara. Da wakilin ya bi lokutan da aka rubuta su ɗaya bayan ɗaya, sai ya tarar duka daga saƙo guda suka tsiro, wanda wani shafi marar suna ya saka a daren farko. Sauran maimaitawa suka yi, kowa ya ƙara gishirinsa.

A kwana na 10 kuma aka fara ganin wasu shafuka sababbi fil, an buɗe su a mako guda, suna rubuta kalmomi iri ɗaya na kare shi. Ɓangaren masu suka ma ya samu irin nasa. Wakilin, wanda ya kamata a ce yana ɗakin adana takardu, ya ƙare makonnin biyu a gaban kwamfuta yana karanta cacar baki.

Mako na 3: takwara da wasiƙar lauya

Wani mai sharhi da ke bin zargin kamfanin ɓoye ya shiga rumbun bayanan kamfanonin ƙetare na ƙungiyar 'yan jarida masu bincike ta duniya, ICIJ, wanda ke buɗe ga kowa tun 2013, aka kuma ƙara masa bayanan takardun sirrin da aka fallasa, Panama Papers, a 2016. Ya rubuta sunan tsohon jami'in, suna iri ɗaya ya fito. Ya ɗauki hoton shafin ya saka. Wani kuma ya nemo sunan a rajistar kamfanonin cikin gida, ya ga adireshi, ya saka shi yadda yake. Kafin gari ya waye an yaɗa hoton ƙofar wani gida.

Gidan ba na tsohon babban sakataren ba ne. Na wani takwaransa ne, dattijo mai harkar shigo da magunguna, wanda bai taɓa aikin gwamnati ba ko na kwana ɗaya. An kira wayarsa an zage shi. An aika wa 'ya'yansa saƙonni. Rumbun ICIJ da kansa yana gargaɗin mai shiga cewa mutane da yawa sunansu ɗaya ne, kuma ganin suna a ciki ba ya nufin an aikata laifi, amma hoton da aka yaɗa an yanke wannan ɓangaren. A makon nan dai wani ya saka sunan wurin da 'yar tsohon jami'in take aiki, ita da ba ta da hannu a komai.

Irin wannan ya taɓa faruwa a fili mafi girma. Bayan harin bam na gasar gudu a Boston a watan Afrilun 2013, masu amfani da shafin tattaunawa na Reddit sun ɗora zargi a kan wani ɗalibi da ya ɓata, wanda ba shi da alaƙa da harin, iyalinsa suka sha azaba a kan azabar neman ɗansu, daga baya shugabannin shafin suka fito suka nemi afuwa.

Lauyan dattijon ya rubuto wa jaridar. Editar ta goge sharhin gaba ɗaya a ranar, ta buga gyara da ban haƙuri a saman shafin, ta kuma kira dattijon da kanta. Ya saurare ta, ya ce ya ji, ya roƙi kada a sake ambatar sa ko da a cikin ban haƙuri ne. Zuwa ƙarshen mako na 3 jaridar ba ta da tabbataccen bayani ko guda da ya wuce abin da ke cikin takardar shafi 2 da mutumin ya miƙa.

Mako na 4: an sake tsari

Wakilin ya ba da shawarar a haƙura da gayyar. Editar ta ƙi, amma ta dakatar da komai na mako guda. Mutum biyu daga cikin masu karatu suka taimaka mata sake gini: wata lauya, da wata dattijuwa da ta yi ritaya daga aikin adana takardun gwamnati.

Dattijuwar ce ta ja hankali kan abin da aka tsallake a misalin Guardian. Jaridar ba ta tambayi jama'a abin da suka sani game da 'yan majalisa ba. Shafuka sama da 450,000 ta ɗora, tana nuna wa mai sa-kai shafi guda, ya zaɓi ɗaya daga cikin maɓallai huɗu, daga "babu abin dubawa" zuwa "a binciki wannan". Da haka mutane sama da 20,000 suka duba kimanin shafi 170,000 cikin awa 80 na farko. Kafar labarai ta ProPublica ma a 2012, da ta nemi a taya ta karanta takardun tallace-tallacen siyasa na gidajen talabijin a Amurka, ba ta ɗaukar bayani a matsayin tabbatacce sai mutum biyu sun shigar da abu iri ɗaya.

Sabon tsarin ya bi wannan hanya. An daina karɓar komai a bainar jama'a. Fom aka yi, ma'aikatan jaridar kaɗai ke ganin abin da aka cike. Tambaya guda mai faɗi ta koma ƙananan ayyuka da mutum zai gama a zama ɗaya: ga rahoton ma'aikata na shekara kaza, nemo duk shafin da sunansa ya fito, rubuta muƙaminsa da kwanan wata. Duk bayanin da aka shigar sai an faɗi takardar da ya fito, lambar shafi, da inda take, in kuma a intanet ne sai an adana kwafin shafin a Wayback Machine na Internet Archive, rumbun da ke ajiye kwafin shafukan intanet, kafin a miƙa, don kada a wayi gari an sauke shi. Kowane aiki mutum biyu ake ba, ba tare da ɗaya ya san ɗaya ba. In amsarsu ta zo ɗaya, a karɓa. In ta saɓa, wakilin ya duba takardar da idonsa.

Lauyar ta ƙara sharuɗɗa uku da ba ta yarda a sassauta ba. Ba a taɓa iyali sai sunan mutum ya fito a takardar kasuwanci ko ta kwangila da ta shafi ma'aikatar. Ɗan sa-kai ba ya kiran kowa, ba ya zuwa gidan kowa, tuntuɓa aikin jarida ce. Kuma duk mai shiga sai ya bayyana ko ya taɓa aiki ƙarƙashin mutumin, ko a kamfanin wuta, ko a wata jam'iyya. Ba a kori kowa saboda amsarsa ba, sai dai ba a ba shi aikin da ya shafi inda yake da ruwa da tsaki.

Daga cikin masu karatu, mutum 44 suka cike fom ɗin shiga. Waɗanda suka yi aiki har ƙarshe 17 ne: ɗalibai, malaman makaranta biyu, wani akanta, da tsofaffin ma'aikata 'yan fansho.

Mako na 5 da na 6: jerin shekaru kafin komai

Dattijuwar ta dage cewa kada a taɓa maganar alaƙoƙi sai an gama jera shekarun aikinsa, wata bayan wata. Wasu sun ga ɓata lokaci ne, tunda ya riga ya jera muƙamansa da kansa. Amma takardarsa shekaru kawai ta ambata, ba watanni, kuma a harkar kwangila wata guda yana iya raba mai hannu da marar hannu.

Aikin ya yi nauyi fiye da yadda aka zata. Tsofaffin rahotannin hotunan shafuka ne, manhajar da ke mayar da hoto rubutu ta kasa karanta yawancinsu, dole aka bi su da ido. Sunan mutumin ma an rubuta shi ta hanya huɗu a takardu daban-daban, wani wuri da sunan tsakiya, wani wuri da harafinsa na farko kawai, wani wuri an sauya wasali. Akantan ya haɗa jerin dukkan rubuce-rubucen sunan ya raba wa kowa. Buƙatar da jaridar ta aika wa ma'aikatar a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ba ta samu amsa ba har aka gama aikin, don haka da abin da ke fili kaɗai aka dogara.

Jerin shekarun ne ya warware zargin taransfoma. Sanarwar ba da kwangilar ta fito wata 14 kafin a mayar da shi ma'aikatar makamashi. A lokacin yana ma'aikatar lafiya. Abin da ya sa wa hannu shi ne biyan kaso na ƙarshe, bayan an kawo kayan, kuma rahoton mai binciken kuɗi na shekarar bai yi ƙorafi kan biyan ba. Maganar surukuta kuwa, mai kamfanin sunan danginsu ɗaya da na matar jami'in, iyakar abin da aka samu ke nan. Ba takarda, ba shaida mai suna.

Da aka sanar da 'yan sa-kai wannan sakamako, mutum 5 suka fice. Ɗaya ya rubuto cewa an saye jaridar. Abin ya yi wa editar ciwo, domin mutumin na cikin masu ƙwazo, amma ta rubuta a teburin bayanan cewa zargin ba shi da tushe, ta kuma ce za a buga hakan da girman da za a buga duk wani abin da aka gano.

Wani yunƙurin ma ya faɗi a wannan tsakanin. Wani ɗalibi mai son aikin ya zana taswirar alaƙoƙi a kwamfuta, yana ja layi tsakanin jami'in da duk wanda suka taɓa zama a kwamiti ɗaya, ko taro ɗaya, ko hoto ɗaya. Sunaye suka haura 200. Taswirar ta yi kyau a ido, ta kuma tsorata duk wanda ya gan ta, amma mutumin da ya yi shekara 31 a gwamnati dole ya zauna da kusan kowa. An ajiye ta. Aka amince cewa abu huɗu kawai za a shigar: muƙami a kamfani ko ƙungiya, kuɗi ko hannun jari, sa hannu a takardar da ta amfani wani, da dangantakar da takarda ta tabbatar. Kowanne kuma da ranar farawa da ranar ƙarewa. Sunaye 200 suka koma 12.

Mako na 7: abin da layin nan ɗaya ya rufe

Zargi na uku, na hannun jari, shi ya rage. An duba jerin masu hannun jari na kamfanin rarraba wutar a rajistar cikin gida, sunansa bai fito ba. Nan aka kusa rufe maganar.

Wani ɗan fansho, wanda ya yi aikin akawu a sashen lasisi na ma'aikatar, ya cike fom da bayani mai layi biyu. Bai zargi kowa ba. Cewa ya yi a zamaninsa wasiƙun kamfanin sukan zo da sunan wani uwar kamfani a ƙasan takarda, kuma yana tuna adireshin Landan ne. Ba shi da kwafi, amma ya faɗi inda za a duba.

Akantan ya nemi sunan a OpenCorporates, rumbun da ke tattara rajistar kamfanonin ƙasashe da yawa tun 2010, ya ga wani reshe mai rajista a Birtaniya. Daga nan ya wuce Companies House, rajistar kamfanonin ƙasar, wadda ke buɗe kyauta, take kuma nuna daraktocin kowane kamfani da ranar naɗa su da wata da shekarar haihuwarsu. A cikin daraktocin akwai suna mai kama da na jami'in, da ɗaya daga cikin rubuce-rubucen nan huɗu. Ranar naɗin ta faɗo wata 7 bayan ritayarsa.

Bayan abin da ya samu dattijon mai magunguna, ba wanda ya yarda suna kaɗai ya isa. An ba mutum na biyu aikin, ba a gaya masa abin da na farko ya gani ba, ya dawo da abu iri ɗaya. Sannan aka nemi abin da zai raba mutumin da takwarorinsa. Wata da shekarar haihuwar da ke rajistar sun dace da waɗanda ke cikin sanarwar ritayarsa a jaridar gwamnati. Wata malamar makaranta ta bi tsofaffin kwafin shafin uwar kamfanin a Wayback Machine, ta samu shafin shugabanni ɗauke da hotonsa da taƙaitaccen tarihinsa, har an ambaci ma'aikatar da ya bari. Shafin yana nan a kwafin da aka adana wata 3 kafin a miƙa sunansa majalisa. A kwafin da ya biyo baya babu shi. Na uku, bayanan kuɗin reshen na shekara-shekara, waɗanda ake ajiyewa a rajistar, sun jera shi cikin daraktocin da suka yi aiki a shekarun.

Sai aka koma jerin shekarun da wasu suka raina. A shekararsa ta ƙarshe a ma'aikata, shi ya shugabanci kwamitin da ya sabunta yarjejeniyar kamfanin rarraba wutar. Wani ɗalibi ya shigar da wannan tun mako na 5, daga shafi na 60 da wani abu na rahoton shekara, ba tare da ya san amfaninsa ba.

Mako na 8: jin ta bakinsa

Editar ta aika masa tambayoyi 11 a rubuce, da kwafin kowace takarda, ta ba shi kwana 7. Ya amsa ta hannun lauyansa a kwana na 6. Ya tabbatar da cewa shi ne daraktan. Ya ce reshen na Birtaniya kamfani ne mai cin gashin kansa a idon doka, bai taɓa hulɗa da ma'aikatar ba, saboda haka wa'adin shekara 2 bai shafe shi ba. Ya ce ba shi da hannun jari a ko'ina cikin rukunin kamfanonin. Ya kuma nuna cewa jaridar ta kuskure watan da aka mayar da shi wata ma'aikata a farkon aikinsa. An duba, shi ke da gaskiya: sanarwa biyu aka fitar a lokacin, ta biyu ta gyara ta farko, 'yan sa-kan biyu kuma duk ta farkon suka gani. An gyara kafin bugawa. Tambayar dalilin da ya sa bai ambaci muƙamin a takardarsa ba, ita kaɗai ce bai amsa ba.

Mako na 9 da na 10: bugawa da zaman kwamiti

Rahoton ya fito kwana 5 kafin zaman, da kwafin takardun a haɗe. Ya faɗi abin da aka tabbatar, ya kawo amsar mutumin cikakkiya, ya kuma ware sashe guda ya bayyana cewa zargin taransfoma da na kamfanin ɓoye ba su da tushe, na hannun jari kuma ba a ga hujjarsa ba. Lauyar ta hana a rubuta cewa ya karya doka, tunda ba a taɓa gwada a kotu ko tanadin ya haɗa da rassan waje ba. An aika wa kowane ɗan kwamiti kwafi.

A zaman, 'yan majalisa biyu suka yi masa tambaya kan muƙamin. Ya maimaita matsayinsa, sannan ya sanar da cewa ya ajiye daraktancin, ya kuma yi alƙawari a rubuce cewa zai janye daga duk wani zama da ya shafi kamfanin har shekara 2. Kwamitin ya amince da naɗinsa, ya ba da shawarar a gyara dokar ta ambaci uwar kamfani da rassa ƙarara. Masu son a ƙi shi sun ce an yi aikin banza. Masu kare shi sun ce an wanke shi. Mutum 9 daga cikin 'yan sa-kan sun ci gaba da bin sanarwar hukumar don ganin ko yana cika alƙawarin, sai dai hukumar ba ta buga sunayen waɗanda suka halarci zamanta, jaridar kuma ta rubuta tana neman a fara bugawa.

Dattijon mai magunguna kuwa, wata 6 bayan haka, duk wanda ya nemi sunansa a intanet yana iya cin karo da hoton ƙofar gidansa a shafukan da jaridar ba ta da iko da su.

Abin da ya faɗi, abin da ya tsaya, da dalili

Mutanen mako na 1 da na mako na 7 daga tafki ɗaya aka ɗebo su. Akantan da malamar makarantar duk suna cikin masu karanta sanarwar farko, ba su dai rubuta komai ba, domin ba su "san wani abu" ba. Kiran farko ya tambayi jama'a ra'ayinsu a kan mutum, ya kuma sa su amsa a gaban juna, sai masu ƙiyayya da masu biyayya suka cika wurin, kowa na ɗora nasa a kan na wani. Kira na biyu ya ba su takarda su karanta, a keɓe, sai masu haƙuri suka fito. A ganina nan ne bambancin yake gaba ɗaya, kuma ba a buƙatar wata manhaja mai tsada kafin a kai gare shi: fom ne da teburin bayanai.

Jerin shekarun ya cancanci a ba shi matsayin da ya fi na kowane mataki. Shi ya wanke mutumin daga zargin da ya fi yaɗuwa, shi kuma ya ba binciken Landan ma'ana, domin daraktanci a wani kamfanin waje ba labari ba ne sai an san wanda ya sabunta yarjejeniyar da kuma yaushe. Ina ganin wankewar nan ce ta sa 'yan kwamiti suka ɗauki rahoton da muhimmanci. Jaridar da ta yarda ta rasa 'yan sa-kai 5 don ta faɗi abin da ya taimaki wanda take bincika, da wuya a ce mata 'yar amshin shata.

Tsarin mutum biyu bai cika ba. Ya kama kuskuren karatu, amma bai kama kuskuren da ke cikin takardar kanta ba, sai wanda ake bincika ne ya nuna shi. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa a ba mutum dama ya amsa, ko da ba a yi maganar adalci ba, alhali adalcin shi ne kan gaba.

Abin da ya samu dattijon bai kamata ya faru ba, kuma sakamakon mako na 10 bai biya shi ba. Misalin Boston ya girmi wannan aiki da shekaru, gargaɗin ICIJ yana rubuce a shafinta. Ranar da aka saka hoton mutum aka buɗe sharhi, jaridar ta ɗauki alhakin duk abin da za a rubuta a ƙarƙashinsa, ba tare da tana da ma'aikacin da zai tsare wurin da daddare ba. Mako guda na tsarawa da aka yi a mako na 4, da an yi shi kafin mako na 1, da dattijon bai san da zaman jaridar ba.

Akwai kuma iyakar da tsari mai kyau ba zai ƙetare ba. An gano muƙamin ne domin reshen yana rajista a ƙasar da ke buga sunayen daraktoci da watan haihuwarsu kyauta, domin wani akawu ya tuna adireshin da ke ƙasan wasiƙa, kuma domin an taɓa adana kwafin shafin kafin a sauke shi. Da reshen yana ɗaya daga cikin yankunan da ba sa bayyana daraktocin kamfanoni ga jama'a, da mutum 17 ɗin nan sun gama mako 10 da jerin shekaru mai tsabta da zarge-zarge biyu da suka rushe, layin nan ɗaya na takardarsa kuma ya wuce majalisa yadda ya rubuta shi.